Ranar da Aka Ceci Ɗan Gata

Idan aka ce a nuna wanda ya fi kowa jin daɗi a gidanmu, ba ni za a nuna ba, ba kuma maigidan ba. Dokinsa za a nuna. Ni na sa masa suna Ɗan Gata, don haushi na faɗa, sunan kuma ya bi shi, har shi Malam ɗin da shi yake kiransa.

Malam, wato mijina, tun yana saurayi yake aikin barga a filin sukuwa. Da ƙarfinsu ya fara ja baya aka sallame su, shi da abokan aikinsa. Wani ya sayi babur, wani ya buɗe shago, shi kuwa ya jawo mini doki har gida. Wani jan doki ne da ya ji ciwo a ƙafa, masu shi suka ce ya gama amfani. Malam ya kafa masa rumfa a bayan gida, daidai inda na ce zan shuka alayyafo, ya yi ta jinyarsa har ya miƙe. Tun daga nan na san matsayina. Kafin a ɗora ruwan shayi an share Ɗan Gata, an duba kofatansa ɗaya bayan ɗaya, an tankaɗe masa dusa. Tankaɗewa fa na ce, kuma da rariyata. Ni in na yi tari, Malam ya ce in sha ruwan ɗumi. Doki ya yi atishawa, an kira likita.

Ba zan ci haƙƙinsa ba, dokin nan shi yake ciyar da mu. Masu shirya fim da mawaƙa ne suke hayarsa. Mawaƙin da ko jaki bai taɓa hawa ba sai ya sa baƙin tabarau ya ɗare sirdi yana hura hanci, Malam na tsugune a inda kyamara ba ta gani, riƙe da igiya. Abin da ya fi jawo masa kasuwa kuwa shi ne ya iya mutuwa. In Malam ya ɗaga hannun dama sama ya tsayar, sai Ɗan Gata ya durƙusa, ya kwanta ta gefe, ya miƙe ƙafafu ya yi lamo. In ya tafa sau ɗaya ya tashi ya karɓi karas. Da karas da lallashi ya koya masa, ban taɓa ganin ya taɓa shi ko da tsinke ba. An harbe shi a fim, an soke shi, an sa masa guba, kullum da yamma ya dawo gida ya ci dusarsa.

Wata safiya wani darakta da suka saba aiki tare ya yi sallama, tare da wata mata mai tabarau da taushin murya. Ita ce shugabar wata ƙungiya mai kare haƙƙin dawaki. Na shimfiɗa musu tabarma, na zauna daga bakin ƙofa, don ni ba a yin magana a gidana in ce ban ji ba.

Shugaba ta ce, "Baba, talla muke so mu yi, mutane su ga irin azabar da ake ba dawaki. Muna son wanda ya kalla ya kasa cin abinci."

Malam ya ce, "To ai kun yi ɓatan kai, Hajiya. Nawa dokin ko ƙuda bai isa ya dame shi ba."

"Shi ya sa muka zo. Ƙa'idarmu ba ta yarda mu sa doki marar lafiya aiki a gaban kyamara ba, wannan ma zalunci ne. Lafiyayye muke nema, mu mai da shi abin tausayi."

Darakta ya ce, "Kwalliya ce kawai, Baba. Da ruwa da sabulu za ta fita."

Malam ya zagaya da su bayan gida. Darakta ya leƙa lungun da ke bayan katangarmu ya ce ai ma ba sai an je ko'ina ba, nan ya yi. Aibinsa ɗaya, ya cika tsabta. Ranar ɗaukar hoton sai ga mota cike da shara, tsofaffin tayoyi da ledoji da gwangwanaye, aka baje su a lungun da na share da hannuna.

Mai kwalliya wata budurwa ce mai hannu. Ta zauna a kan bokiti da burusai kala-kala, ta zana wa Ɗan Gata haƙarƙari, baƙi-baƙi a tsakani, fari-fari a sama, har ni da na san cikinsa kamar randa sai da na ji tausayinsa. Ta yi masa gyambo a kafaɗa da hoda da jan launi. Darakta ya ce gyambo babu ƙuda ai ba gyambo ba ne, aka ɗiga zuma. Dokin ya yi ta juyo da wuya yana son ya lashe ciwonsa. Ƙungiya kuma ta turo wani jami'i na musamman, aikinsa ya tabbata ba a takura wa dokin ba. Shi ke riƙe masa lema, shi ke cewa a tsaya ya sha ruwa. Rana ta farko kenan da na ga wanda ya fi Malam tarairayar doki.

Ana cikin haka wani mai amalanke ya shigo bakin lungun da lodin bulo. Dokinsa ba ya buƙatar mai kwalliya. Haƙarƙarinsa a waje, inda igiya ke gogarsa a ƙirji ya saɓule ya yi ja, ƙudajensa kuma ba da zuma aka gayyato su ba. Yaran darakta suka tare shi, wai ƙarar tayoyinsa tana shiga na'ura. Ya tsaya a rana, shi da dokin da lodin.

Na matsa kusa da Shugaba na ce, "Hajiya, ga irin wanda kuke nema can, kyauta."

Ta duba, ta girgiza kai, har idonta ya kawo ruwa. "Kin gani ko, Mama? Saboda irinsu muke wannan aikin." Ta juya ta ce a ƙara wa Ɗan Gata inuwa. Da aka gama wannan fitowar aka ba mai amalanke hanya ya wuce.

Matsalar ta taso ne wajen mugun da zai fito yana dukan dokin. An ɗauko wani ɗan wasa mai ƙaton murya, wanda ya saba fitowa a azzalumi, aka ba shi bulalar soso. Ɗan Gata ya yi atishawa sau ɗaya, azzalumi ya yar da bulala ya haye bayan mota. Da aka lallaso shi ya dawo ya ɗaga hannu, doki ya tsaya yana kallonsa yana tauna. Hannun Malam kaɗai ya sani. Aka gwada Malam ya tsaya a bayan ɗan wasan, hannu biyu suka fito a hoto. Aka gwada ya tsaya a gefe, doki ya juya masa kai ya ba kyamara baya.

Darakta ya ce, "Baba, me zai hana kai ka fito?"

Na ce, "Malam, fuskarka za a gani fa."

Ya ce, "Wasa ne, kowa ya san wasa ne."

Na san abin da ke ransa. Shekara da shekaru yana tsugune a gefen kyamara, wasu na haye dokinsa suna yin suna. Yau an ce ya tashi tsaye. Aka sa masa yagaggiyar riga, aka shafa masa baƙi a ƙarƙashin ido, aka ce ya ɓata rai. Mutumin da ko 'ya'yansa bai iya yi wa tsawa ba, sai ga shi ya haɗe gira, ya ɗaga bulala sama, Ɗan Gata ya zube cikin shara. Darakta ya ce a tsayar da ɗauka, kowa ya hau tafi, doki ya ji tafi ya miƙe yana neman karas. Malam ya dawo gida ranar yana tafiya kamar an ba shi sarauta.

Tallar da ta fita, a ƙarshenta akwai wani ɗan ƙaramin rubutu da ke cewa shiri ne, ba a cutar da dabba ba. Wani mai hikima ya yanke wannan, ya bar daga ɗaga bulala zuwa faɗuwa, ya watsa a waya. Kafin mu farga ta zaga duniya. 'Yarmu ce ta fara kira daga gidan mijinta tana kuka, wai dangin mijin sun tura mata suna tambaya ko babanta ne. Wani ya gane lungun, wani ya gane katangar, wani ya rubuta kwatancen gidan tiryan-tiryan don masu son zuwa su yi Allah wadai kada su sha wahala.

Zagin baƙi bai dame ni ba kamar na gida. Mai kantin bakin layinmu, wanda kullum yake ganin Malam na ɗauke da bokitin ruwa zuwa rumfa, har yana yi masa tsiya wai ya mai da doki ɗan fari, shi ne ya tare shi ya ce, "Ashe haka kake yi masa in ba ma gani?" Masu fim suka daina kira. Mawaƙin nan mai baƙin tabarau ya fito a bidiyo, murya na rawa, ya ce da ya san halin mutumin da bai taɓa hawa dokinsa ba.

Muka shirya muka tafi ofishin ƙungiya. Ɗaki ne mai sanyi, an manna hoton Malam a bango, ƙato, hannu a sama. Shugaba ta tarbe mu da fara'a, ta sa aka kawo lemo.

Malam ya ce, "Hajiya, so nake ku fito ku ce wasa ne."

"Za mu faɗa, Baba, wallahi za mu faɗa. Amma ka duba, tunda muka kafa ƙungiyar nan ba a taɓa saurarenmu kamar wannan makon ba. Mutane na kira, ana kawo taimako. In muka ce shiri ne yanzu, gobe ko mun nuna na gaskiya cewa za a yi ƙarya ne. Ka yi haƙuri ƙura ta lafa. Don dawakin ne."

Na ce, "Shi kuma mutuncinsa fa? A wace barga za a ɗaure shi kafin ƙurar ta lafa?"

Malam ya taɓa ni ya ce in bari. An ce masa don dawaki ne, shi kenan an gama da shi. Darakta kuwa da muka kira shi dariya ya yi, ya ce ai wannan yabo ne, duk ɗan wasan da aka tsana a titi ya iya aikinsa.

Ana haka sai ga motar jami'an kula da dabbobi a ƙofar gida, wai ƙorafi ya yi yawa. Jami'i ɗaya ne da likita, amma bayansu jama'a ce, maza da mata, kowa da waya a hannu. Aka bar su a bakin ƙofa, likita ya shiga rumfa. Ya shafa haƙarƙarin, ya duba kafaɗa, ya buɗe baki, ya ɗaga kofato. Ya juyo yana murmushi.

"Baba, laifinka ɗaya a nan, ka rage masa dusa. Ya yi ƙiba."

Jami'in ya ce to shi kenan, su za su koma, za su rubuta cewa ba su ga komai ba. Na ji kamar an sauke mini dutse daga ka. Har na shiga ɗebo musu ruwa.

Da suka fito, Malam ya biyo su da dokin a hannu don jama'a su gani da idonsu. Likita ya yi bayani. Wata daga baya ta ce an saye shi. Wani ya ce ba dokin ba ne, an canza. Wani ya ce ai ciwo yana warkewa, amma faɗuwar fa, doki yana faɗuwa haka kawai? Na ga fuskar Malam ta canza. An wanke shi a wajen hukuma, amma shi ba hukuma ce ta dame shi ba. Mai kanti yana tsaye a gaba, hannu a ƙirji.

Malam ya ce, "Ku tsaya in nuna muku."

Na ajiye kofin na ce, "Malam, bari. Don Allah bari, su tafi."

"A'a, su gani. Babu bulala, babu komai. Ku duba da kyau."

Ya saki igiya, ya ja baya, ya ɗaga hannun dama sama. Ɗan Gata, bawan Allah, ya yi aikinsa kamar yadda bai taɓa yi ba. Ya durƙusa, ya zube a kan titi, ya miƙe ƙafafu, har da lumshe ido.

Ihun da aka yi ya hana kowa jin tafin. Ni na ga Malam yana tafawa, yana cewa ku jira ku ga zai tashi, amma dokin ma bai ji ba, yana kwance yana jiran a sallame shi. Wata mata ta ɗora hannu a ka. "Kun gani! Hannu kawai ya ɗaga, tsoro ya kayar da shi! Wane irin duka dabbar nan ta sha?" Wayoyi duk suna sama. Wani ya wurgo dutse ya sami ƙofarmu. Garin neman gira mun rasa ido.

Jami'in ya ja Malam cikin zaure, yana gumi. "Baba, na san gaskiyarka, likita ma ya sani. Amma in na bar dokin nan a nan yau, ba zan iya ce maka gidan nan zai kwana ba. Mu kai shi wani wuri, na ɗan lokaci."

Wurin kuwa bai wuce gidan ceton dawaki na ƙungiyar Shugaba ba, don duk garin su kaɗai ke da shi. Malam da kansa ya shigar da shi mota, saboda ya ƙi hawa wa kowa. Jama'a suka yi ta tafi da kabbara, an ceci doki. Malam ya dawo ya zauna a rumfa kan buhun dusa. Tunda na aure shi ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar, kuma ni da nake cewa dokin ya ishe ni, sai na tsinci kaina ina kallon turken ina jin gidan ya yi mini faɗi.

Ɗan lokacin nan ya yi ta tsawo. In Malam ya kira, a ce masa ƙura ba ta lafa ba. Ina za ta lafa, alhali Ɗan Gata ya zama tauraron gidan? Hotonsa ne a ƙofa, ana zuwa kallonsa ranakun hutu, 'yan makaranta na kawo masa zane. Malam ya daina fita sai masallaci, can ɗin ma sahun baya. Da asuba yakan tashi ya nufi rumfa, sai ya kai tsakar gida ya tuna, ya tsaya.

Rannan sai ga kiran Shugaba, muryarta ƙasa-ƙasa. Doki ya ƙi cin abinci. Sun canza ciyawa, sun kawo likitoci, sun sa masa kiɗa mai sanyi wai yana kwantar da hankalin dabbar da ta sha wahala. Ya rame har sun daina bari a ɗauki hotonsa ta gefe.

"Baba, ko za ka riƙa zuwa kana ba shi da hannunka?"

"Ku dawo mini da shi mana, Hajiya. Kwana kaɗan zai murmure."

"Ka san ba zai yiwu yanzu ba. Me za mu ce wa mutane, mun mayar wa wanda muka ƙwace a hannunsa? Ka dai zo. Sai dai ta ƙofar baya, kuma ka sa takunkumin fuska da hula. Fuskarka sananniya ce."

Na ce masa kada ya je. Na ce su ci kansu, in dokin ya mutu a hannunsu duniya ta ga masu ceto. Ya dube ni ya ce, "Shi kuma me ya yi?" Ya ɗauki burushinsa, ya ɗauki rariyata, ya fita.

Wata Asabar na bi shi, don zuciyata ta ƙi kwanciya. Muka shiga ta inda ake fitar da kashin dawaki. Tun kafin mu kai, Ɗan Gata ya ji takunsa ya yi haniniya, ya tura kai ta saman ƙofa. Ya fara cikowa, amma da na shafa gefensa na ji ƙashi a ƙarƙashin hannuna, sai da na kau da kai. Malam ya tankaɗe dusa ya zuba, ya hau share shi tun daga wuya, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa ta cikin takunkumi. Dokin na ci, yana ɗagowa yana goga goshi a kafaɗarsa.

Baƙi suka fara shigowa. Wata dattijuwa mai kamala, da jaka a hannu, ta tsaya a bakin ƙofar ta daɗe tana kallonsu. Ta ce ita tun ranar da ta ga bidiyon nan ba ta yi barcin kirki ba, kullum sai ta yi wa mugun nan Allah ya isa. Ta share ido da gefen mayafi.

"Dubi yadda ya sake da kai, bawan Allah. Dabba ta san mai ƙaunarta. Da a hannun irinka ya tashi, da bai ga wahala ba."

Na buɗe baki. Malam ya dube ni ta saman takunkumi, ya girgiza kai kaɗan, don in ta gane shi gobe ba za a buɗe masa ƙofar baya ba. Na haɗiye maganata.

Ya ce, "Haka ne, Hajiya. Na gode."

Ya juya mata baya ya ci gaba da sharar dokin, a wuri ɗaya, har ta wuce.